Tarihi da Tarihihi a Masaukin George na Norton St Philip, Ingila

Gabatarwa

A ƙasar Ingila akwai wata tsohuwar gardama da ba ta ƙarewa, watau gardamar wace mashaya ce ta fi kowace daɗewa a ƙasar. Wani gida a Nottingham ya rubuta 1189 a jikin bangonsa, wani a St Albans ya ce shi tun 793 yake, amma da masu binciken gine-gine suka duba na Nottingham sai suka tarar ginin da ke tsaye na ƙarni na 17 ne, na St Albans kuwa ba a sami shaidar sayar da abin sha a cikinsa ba sai a ƙarni na 18. Wannan takarda za ta dubi ɗaya daga cikin gidajen da ake sa wa cikin wannan gardama, masaukin George da ke ƙauyen Norton St Philip a lardin Somaset, kimanin mil shida kudu da birnin Bath. An zaɓe shi ne domin shi ne wanda duwatsunsa da katakansa suka fi goyon bayan abin da ake faɗa a kansa, har masanin gine-gine James Wright ya fifita shi a kan sauran a littafinsa na 2024. Duk da haka, shi ma ɗin ba a rasa ƙarin gishiri a labarinsa ba. Abin da za mu yi shi ne mu rarrabe abin da ya tabbata da abin da baki ya ƙara, sa'an nan mu ga abin da aka ci da abin da aka sha a gidan, domin ta nan ne ake gane tattalin arzikin da ya riƙe shi shekara ɗari shida.

Kafin a ci gaba sai a gyara wata matsala ta kalmomi. Ingilishin da suna da gidaje iri uku waɗanda yau aka haɗa su a suna ɗaya. Akwai ƙaramar mashayar talakawa, wadda sau da yawa ɗaki ne kurum a gidan mai dafa giyar. Akwai gidan ruwan inabi na birane, inda masu hali ke zama. Na uku shi ne masauki, inda matafiyi ke samun makwanci da abinci da wurin ɗaure doki da ma'ajiyar kaya. A ƙidayar da gwamnati ta sa aka yi a 1577 an sami ƙananan mashaya fiye da 14,000, masaukai fiye da 1,600, gidajen ruwan inabi kuwa ɗari uku da 'yan kai. George na cikin kashi na uku ne. Wanda ya fassara shi da "gidan giya" kawai ya ɓatar da dalilin gina shi.

Ruhubanawa da Kasuwar Ulu

Asalin gidan yana komawa ga wata ɗariƙar ruhubanawan Kirista da ake kira Kartusiyawa, wadda Bruno ya kafa a duwatsun Chartreuse na Faransa a 1084. Mutane ne masu tsananin kaɗaici: kowane yana zaune a ɗakinsa, ba sa cin nama, ba sa magana sai da lalura. Mazauninsu na farko a Ingila shi ne na Witham a Somaset, wanda Sarki Henry na II ya kafa don kaffarar kisan Thomas Becket. Na biyu shi ne na Hinton, wanda Ela, mai sarautar Salisbury, ta tabbatar a 1232, ta kuma ba su ƙasar Hinton da ta Norton don su ci amfaninsu. Tsakanin ƙauyukan biyu bai wuce mil biyu ba.

To, mutanen da suka guje wa duniya sai ga shi dukiyar duniya ta bi su. A wancan zamani gashin tumaki shi ne babban abin da Ingila ke sayarwa waje, ana kai shi masaƙun Flanders da Italiya, har ya zama shugaban majalisar dattawan ƙasar yana zama ne a kan buhun ulu, al'adar da ake dangantawa da zamanin Edward na III, kuma ba a bar ta ba har yau. Ruhubanawan Hinton suna da garkuna, suna kuma da takardar izinin sarki ta cin kasuwar shekara. Kasuwar Norton tana ci ne a farkon watan Mayu, lokacin bikin waliyyai Philip da James waɗanda cocin ƙauyen ke ɗauke da sunansu. A 1345 aka ɗauke kasuwar da ke ci a Hinton ita ma aka mayar Norton, domin hayaniyar masu ciniki ta hana ruhubanawa ibada. Wannan ƙaramin al'amari shi ne mabuɗin tarihin gidan. Suna son kuɗin kasuwa, ba sa son ƙurarta, sai suka tura ta mil biyu, suka gina mata gida.

Ga mai karatu Bahaushe wannan tsari ba baƙo ba ne. Duk wanda ya karanta binciken Abner Cohen na 1969 a kan Sabon Ibadan, ko na Paul Lovejoy na 1980 a kan fataucin goro, ya san matsayin maigida ko fatoma a zango: shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Mai masaukin Ingila a ƙarni na 14 da na 15 kusan wannan aiki yake yi, kuma shari'ar ƙasar ta ɗora masa alhakin kayan baƙonsa idan aka sace su a ƙarƙashin rufinsa. Bambancin da ke akwai shi ne a Norton mai gidan na gaskiya ƙungiyar addini ce, mai kula da shi ɗan haya ne kurum. Ba mu ce ɗaya ya koya daga ɗaya ba. Fatauci mai nisa ne ke haifar da irin wannan buƙata a duk inda ya bunƙasa.

Abin da Ginin ya Faɗa

Wanda ya tsaya a kan titi ya dubi George zai ga gini biyu ne a haɗe. Hawa na ƙasa na dutse ne, da ƙofar shiga mai baka da tagogi irin na ƙarshen ƙarni na 14. Hawa biyu na sama kuwa na katako ne da yaɓe, kowane ya ɗan turo kai ya wuce na ƙarƙashinsa, da tagogi uku masu fitowa waje. A baya akwai tsakar gida mai baranda ta katako, da hasumiyar matakala mai kusurwa takwas. Manyan ɗakunan sama su ne aka yi amfani da su wajen ajiye ulu da yadi da kuma baje su ga masu saye lokacin kasuwa, shi ya sa suke da faɗin da ya fi ƙarfin ɗakin kwana.

A 1998 kamfanin Wadworth, wanda gidan ke hannunsa a lokacin, ya yi masa babban gyara, aka kuwa ba masu bincike dama suka duba shi ciki da waje. Hanyar da ta fi amfani ita ce ta ƙidayar zoben itace. Kowace shekara bishiya kan ƙara zobe ɗaya a gindinta, mai faɗi a shekarar damina mai kyau, siriri a shekarar fari, don haka jerin zobba a jikin azara kamar sa hannun shekarun da ta rayu ne. Idan aka gwada shi da jerin da aka riga aka sani sai a gane shekarar da aka sare ta. Tun da kuwa magina na wancan zamani da ɗanyen katako suke aiki, shekarar sara ba ta nisa da shekarar gini. Katakan rufin George sun nuna wajajen 1430. Ke nan, ƙasan gidan na ƙarshen ƙarni na 14 ne, samansa na ƙarni na 15, kuma ƙarin da aka yi ya dace da lokacin da yammacin Ingila ya bar sayar da ɗanyen ulu ya koma saƙa shi da kansa, injinan dukan yadi suka cika bakin kogin Frome.

Sai maganar 1397, shekarar da littattafan masu yawon buɗe ido ke cewa an ba gidan lasin. Shekarar ba ta saɓa wa shekarun dutsen ba, amma kalmar lasin ita ce matsala. Dokar da ta wajabta wa mai mashaya neman izini daga alƙalan gunduma ta 1552 ce, zamanin Edward na VI. Kafin nan abin da ke akwai shi ne dokar farashin burodi da giya ta wajajen 1266, da umurnin Richard na II na 1393 cewa duk mai sayar da giya ya rataya alama a ƙofarsa don masu duba ingancinta su gane gidan. Saboda haka ana iya yarda cewa gidan yana karɓar baƙi kafin 1400, amma lasin irin wanda aka sani yau bai riga ya wanzu ba, balle a ba shi.

A 1539 Henry na VIII ya rushe mazaunin Hinton tare da sauran gidajen ruhubanawa, dukiyarsu ta koma hannun sarki, daga nan ta shiga hannun masu ƙasa. Masaukin bai faɗi da faɗuwar masu shi ba, domin kasuwa ba ta tashi ba. Ta ci gaba da ci, tana raguwa sannu a hankali, har 1902.

Baƙi Biyu na Ƙarni na 17

Ranar 12 ga Yuni 1668 Samuel Pepys, babban ma'aikacin ofishin jiragen ruwan yaƙi wanda littafinsa na abubuwan yau da kullum ya shahara, ya ratsa ƙauyen da matarsa a hanyarsu ta zuwa Bath. Ya rubuta cewa ya shiga coci, ya ga kabarin wasu tagwaye mata da aka haifa a manne, ya yaba ƙararrawa shida na cocin, ya ci abinci mai kyau, ya biya sule goma. Abin lura shi ne bai ambaci sunan gidan da ya ci ba. Hankali ya fi karkata ga George, domin mutum mai matsayinsa da 'yan rakiya da dawaki babban masaukin gari zai nufa, amma wannan kirdado ne mai ƙarfi, ba nassi ba ne, kuma ya kamata a riƙa faɗinsa a haka.

Baƙo na biyu ya fi nauyi. James Scott, mai sarautar Monmouth, ɗan Sarki Charles na II ne wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba. Ya sauka a Lyme Regis ranar 11 ga Yuni 1685 don ƙwace gadon sarauta daga baffansa James na II, aka naɗa shi sarki a Taunton, masaƙa da manoman yamma suka bi shi. Da ya kasa shiga Biristol, Bath kuma ta rufe masa ƙofa, sai ya juyo Norton St Philip ranar 26 ga wata ya sauka a George. Washegari 'yan gaban rundunar sarki, ƙarƙashin mai sarautar Grafton wanda uba ɗaya suke da Monmouth, suka shiga wani lungu mai shinge a bakin ƙauyen, 'yan tawaye suka buɗe musu wuta daga bayan shingen suka kore su. Wannan ita ce kusan nasara ɗaya tak da tawayen ya samu, kuma bai amfane ta ba. Cikin dare da ruwan sama ya janye zuwa Frome. Ranar 6 ga Yuli aka murƙushe shi a Sedgemoor, ranar 15 aka sare kansa a Landan.

A nan tarihihi ya sami wurin shiga. Ana ba da labarin cewa wani ya harbi Monmouth ta taga yana aski, don kwaɗayin fam 5,000 da aka sa a kansa, bai same shi ba. Ana kuma nuna wa baƙi ɗakin da aka ce Alƙali Jeffreys ya yi shari'ar 'yan tawaye a ciki. Ladan fam 5,000 gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne an kashe mutum goma sha biyu a ƙauyen, domin Jeffreys ya rarraba waɗanda ya yanke wa hukunci a garuruwan da suka goyi bayan tawaye don kowa ya gani ya ji tsoro, aka kuma kai fiye da 800 bauta a tsibiran Karibiyan. Amma zaman shari'arsa a Somaset a Taunton da Wells aka yi shi. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne an tsare mutanen a gidan kafin a fita da su fili. A ganina wannan ya isa abin tunawa, ba sai an kawo alƙalin da kansa an zaunar da shi a ɗakin cin abinci ba.

Ci da Sha

Abin shan da aka fara sayarwa a George shi ne wanda Ingilishi ke kira ale. Ana jiƙa sha'ir ya tsira, a busar da tsiron, a niƙa, a zuba ruwan zafi, a tace, a bar shi ya tashi. Wanda ya san yadda ake burukutu da tsiron dawa a ƙasashen nan zai ga kamar aiki ɗaya ne, har ma da cewa sana'ar mata ce a gida, kuma abin ba ya wuce 'yan kwanaki sai ya yi tsami. Akan tace tsiro ɗaya har sau biyu ko uku: tatar farko mai ƙarfi, ta ƙarshe kuwa mai rauni, wadda barori da ma'aikata ke sha da abinci. Maganar da ta yaɗu cewa mutanen wancan zamani ba sa shan ruwa sam saboda ƙazantarsa, masana tarihi sun yi watsi da ita. Suna shan ruwa, giyar dai ƙarin abinci ce ga mai aikin ƙarfi. Bayan annobar 1348 zuwa 1349, da ma'aikata suka yi ƙaranci lada ya tashi, shanta ya ƙaru ƙwarai, kuma a cikin wannan yanayi na yalwa aka aza harsashin George.

Wajajen 1400 wani sabon abu ya shigo daga Holan da Flanders, watau biya, wadda ake dafawa da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof. Furen yana sa ɗaci, yana kuma hana lalacewa. Wannan ya canza sana'ar baki ɗaya. Abin da ke daɗewa ana iya dafa shi da yawa a kai shi nesa, amma yin haka na buƙatar manyan tukwane da jari, abin da matar ƙauye ba ta da shi. Judith Bennett ta nuna a littafinta na 1996 yadda sana'ar ta zame daga hannun mata ta koma hannun maza masu jari tsakanin 1300 da 1600. Hukuma kuma ba ta sake wa farashi ba: dokar 1604 ta ce kwata ɗaya ta giya mai kyau kwabo ɗaya ce, mai rauni kuwa kwata biyu a kwabo. A Somaset akwai abin sha na uku, giyar tuffa, wadda masu gona ke biyan wani kashi na ladan ma'aikata da ita har dokar 1887 ta hana.

Abincin farko ba mai yawan iri ba ne: burodi, faten wake da ganye, cuku, naman tunkiya ko na sa idan an samu, da busasshen kifi ranar Juma'a da lokacin azumin Kirista. Baƙo ba ya zaɓe, abin da ke kan wuta shi zai ci a farashin da aka yanka. Kuma sau da yawa kuɗin harawa da hatsin doki yakan yi daidai da na ubangijinsa ko ya fi, don haka barga ba ƙaramar hanyar samu ba ce ga mai masauki.

Zamanin karusar dawaki a ƙarni na 18, lokacin da masu hali ke tururuwa zuwa ruwan zafin Bath, ya kawo wa gidan matafiya bayan kasuwar ulu ta yi sanyi. Jirgin ƙasa ya kashe wannan ciniki: a 1841 aka gama layin Landan zuwa Biristol ta Bath, kuma dogo bai bi ta Norton ba. Wannan rashi shi ya ceci ginin. Masaukan da suka sami kuɗi a zamanin Sarauniya Victoria an rushe fuskokinsu an sake su da bulo, George kuwa ba wanda ya ga riba a taɓa shi, sai ya zauna yadda yake har motoci suka dawo da baƙi.

Abin da baƙo ke tararwa a irin waɗannan gidaje a yau yana da kamar tsufa, amma yawancinsa sabo ne. Farantin burodi da cuku da yaji mai tsami da ake kira abincin mai huɗa, burodin da cukun tsofaffi ne, cukun Cheddar ma daga Somaset ya samo suna, amma sunan farantin da yaɗuwarsa aikin hukumomin tallar cuku da madara ne a shekarun 1950 da 1960. Giyar ganga, wadda ke ƙarasa nuna a ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, ana jawo ta da famfon hannu, ta kusa ɓacewa a shekarun 1960 da manyan kamfanoni suka koma mai iskar gas. Ƙungiyar CAMRA da aka kafa a 1971 ita ta yi yaƙin dawo da ita. Wadworth na Devizes, wanda aka kafa a 1875, yana cikin tsofaffin kamfanonin da ba su bar ta ba. Butcombe kuwa, wanda ya sayi George tare da wasu gidajen Wadworth a 2020, a 1978 aka kafa shi, ɗan wancan farfaɗowa ne. Dokar gwajin numfashin direbobi ta 1967 da hana shan taba a cikin ɗaki a 2007 sun rage masu zuwa don sha kaɗai, yawan irin waɗannan gidaje a Birtaniya ya sauko daga kimanin 60,000 a 2000 zuwa kimanin 45,000 a 2024. Waɗanda suka tsira a karkara da girki da ɗakunan kwana suka tsira. Ɗakunan saman George, inda fatake suka baje yadi a ƙarni na 15, yanzu gadaje ne a ciki, ana ba da su haya ga masu zuwa kallon Bath.